Yadda Za Ka Raba Manyan Kalmomin Turanci Masu Kama da Juna a Kunne

Harafi ɗaya ne tsakanin *interment* da *internment*. Ta farko binne mamaci take nufi. Ta biyu kuwa tsare mutum ce ba tare da an gurfanar da shi a kotu ba, irin yadda ake tsare 'yan ƙasar abokan gaba a lokacin yaƙi. Duk da haka, a takardun sanarwar rasuwa da ake bugawa da Turanci sau da yawa ta biyun ake sawa a gurbin ta farko. Kwamfuta ba za ta ja wa kuskuren jan layi ba, domin kalmomin biyu duk suna cikin ƙamus, kuma duk an rubuta su daidai. Matsalar ke nan da irin waɗannan kalmomi: ba a yawan cin karo da su, sautinsu ya yi kusa, ma'anarsu kuwa wani lokacin hannun riga ce. Kunne ba zai raba maka su ba. Sai ka sa ido, ka fasa kalmar, ka kuma duba kalmomin da take tafiya da su.

Inda ruɗanin yake fitowa

Rabin laifin na Turancin ne da kansa. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana matsayin harshen fada da kotu, Latin kuma harshen coci da ilimi. Dubban kalmomi suka kwararo daga harsunan nan biyu, kuma yawancinsu da kayan gini iri ɗaya aka gina su: 'yan ɗafa-goshi kaɗan, wato guntayen da ake liƙawa a farkon kalma, 'yan ɗafa-ƙeya kaɗan da ake liƙawa a ƙarshenta, sai saiwa, wato tushen kalmar, a tsakiya. Dole su yi kama. Ga shi kuma Turanci yana danne wasalin duk gaɓar da ba a ɗora wa nauyi ba, har ya koma wani guntun sauti da ba a tantance shi sosai. Shi ya sa *elicit* da *illicit* suke fita iri ɗaya ko a bakin Baturen Ingila.

Ɗaya rabin daga bakinmu yake. Hausa wasula biyar gare ta, gajeru da dogaye, sai tagwayen ai da au, alhali Turancin Ingila yana da sautukan wasali wajen ashirin. Ba mu raba p da f, don haka *plight*, wato mawuyacin hali, da *flight*, tashi sama ko gudu, sukan zame mana abu guda. Harafin v yakan koma b, sai *revel*, sheƙe aya, ta haɗu da *rebel*, tawaye. Sannan harshenmu ba ya son baƙaƙe uku a jere, sai mu cusa wasali ko mu yar da ɗaya. Ta nan ne *prostate*, ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, take rikicewa da *prostrate*, kwanciya rub da ciki. Wanda ya san ƙugiya ɗaya ce ta raba baki da baƙi ya riga ya san irin kulawar da ake bukata a nan.

Mataki na farko: jera su, ka nemo wurin da suka rabu

Rubuta kalmomin biyu da manyan baƙaƙe, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, harafi a kan harafi. Zagaye inda suka saɓa da jan biro. Sai ka ƙirga gaɓoɓin kowace, ka sa alama a kan gaɓar da ke ɗauke da nauyi. Aikin bai wuce minti ɗaya ba, amma shi zai gaya maka matakin da za ka bi a gaba. In bambancin a goshi yake, ka tafi mataki na biyu. In a tsakiya ne, na uku. In a ƙeya ne, na huɗu.

Wani lokaci ƙirgar gaɓa kaɗai ta wadatar. *Perquisite* gaɓa uku ce, kuma tana nufin alfarmar da ke biyo muƙami ban da albashi, kamar gida ko motar ofis, ita ce ake taƙaitawa a ce *perk*. *Prerequisite* gaɓa huɗu ce, sharaɗin da dole a cika kafin a wuce gaba, kamar kwas ɗin da sai ka ci shi za a bar ka ka ɗauki na gaba a jami'a. Haka *ordinance* mai gaɓa uku doka ce, sunan da yawancin dokokin zamanin mulkin mallaka a Nijeriya suke ɗauke da shi, *ordnance* mai gaɓa biyu kuwa manyan makamai ne da harsasai da bamabamai.

Wurin nauyi ma yakan raba gardama. A *ingenious* gaɓa ta biyu doguwa ce, ana furta ta kamar "jii", kuma kalmar tana nufin mai basirar ƙirƙira, danginta su ne *engine* da *engineer*. A *ingenuous* gaɓar gajera ce, "jen", ma'anarta mutum mai zuciya a buɗe wanda bai iya ɓoye-ɓoye ba, har ana iya cutarsa. Daga ta biyun aka samo *disingenuous*, mai nuna kamar bai sani ba alhali ya sani. Babu wata kalma *disingenious* a daidaitaccen Turanci, ko da ka ji ta a bakin wani.

Akwai kuma inda rubutu ya yi kusa amma furuci ya yi nisa. *Corps*, rundunar da ke cikin sunan hukumar yi wa ƙasa hidima da ta kiyaye haɗurra, ana furta ta "koo", ba a taɓa p da s. In ka furta su, *corpse* ka faɗa, wato gawa.

Mataki na biyu: tambayi ɗafa-goshi

Nan ne aka fi samun riba, domin ɗafa-goshi goma sha kaɗan suna buɗe ɗaruruwan kalmomi.

Ɗauki *prescribe* da *proscribe*. Saiwarsu ɗaya, kalmar Latin mai nufin rubutu. *Pre* na nufin tun kafin, don haka *prescribe* rubuta umarni ne tun da wuri, kamar yadda likita ke rubuta magani ko doka ke tsara hukunci. *Pro* a nan na nufin a bainar jama'a. A tsohuwar Roma, zamanin wani shugaba mai suna Sulla, wajen shekara 80 kafin haihuwar Annabi Isa, akan kafe sunayen waɗanda hukuma ta halatta jininsu a dandali. Daga nan *proscribe* ta zama haramtawa. Ita ce kalmar da aka yi amfani da ita lokacin da gwamnatin Nijeriya ta haramta Boko Haram da Ansaru a 2013. Ka ga ɗaya umarni ce a yi, ɗaya umarni ce a bari.

*E* ko *ex* fita ce, *in* ko *im* shiga. *Emigrate* barin ƙasa, *immigrate* shigowa wata ƙasa. *Eminent* wanda ya yi fice a cikin mutane, *imminent* abin da ke gab da aukuwa, yawanci abin tsoro. Akwai ta uku, *immanent*, wadda kusan sai a littattafan falsafa da tauhidi za ka gan ta, abin da ke zaune a cikin wani abu ba ya rabuwa da shi. Wannan saiwarta daban ce, danginta *remain* da *permanent*.

*Ab* nisantawa, *ad* kusantowa. *Abjure* rantsuwa ce cewa ka bar wani abu har abada, aƙida ko da'awa. *Adjure* kuwa haɗa wani da girman rantsuwa ne don ya aikata abu, kusan yadda muke cewa na haɗa ka da Allah ka faɗi gaskiya. Mai *abjure* kansa yake ɗaurewa, mai *adjure* wani yake ɗaurewa.

*Fore* mai e tana nufin gaba ko da can, *for* maras e tana nufin bari ko hani. *Forebear* kakan kakanni, *forbear* daurewa a ƙi aikata abu. *Forgo* haƙura da abin da kake da ikon samu, *forego* gabata.

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne na asibiti. *Hyper* da *hypo* daga Girkanci suke, na farko sama da ƙima, na biyu ƙasa da ƙima. *Hypertension* hawan jini ne, daga 140/90 zuwa sama. *Hypotension* faɗuwar jini, ƙasa da 90/60. *Hyperglycaemia* sukari ya yi yawa, *hypoglycaemia* sukari ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, kuma abin da za a yi wa mai ɗaya kishiyar abin da za a yi wa mai ɗayan ne. A magana da sauri, musamman ta waya, gaɓa ta biyu takan narke. Ɗalibin jinya ko mai jinyar ɗan'uwa kada ya ji nauyin tambaya: sama ko ƙasa? Kuma ya nemi a faɗa masa lambar da na'ura ta nuna.

Sai dai a yi hattara da *in*, domin fuska biyu gare ta. Wani lokaci korewa take yi, kamar a *illicit*, abin da ba a halatta ba, inda ta rikiɗe ta koma *il*. Wani lokaci kuma ƙarfafawa take yi. *Inflammable* da ake rubutawa a jikin tankar mai ba ta nufin abin da ba ya kama wuta. Ma'anarta ɗaya da *flammable*. Abin da ba ya kamawa shi ne *non-flammable*. *Invaluable* ma takan ruɗar: abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi, ba maras daraja ba.

Mataki na uku: nemo wa saiwar ɗan'uwa da ka riga ka sani

Ba sai ka koyi Latin ba. Abin da ake so shi ne ga kowace baƙuwar kalma ka samo sananniyar kalma mai saiwa ɗaya da ita, ka ɗaure su tare. Duk babban ƙamus yana nuna asalin kalma a ƙarshen bayaninta.

*Venal* da *venial* misali ne mai kyau. *Venal* 'yar'uwar *vendor* ce, mai sayarwa, don haka *venal official* jami'i ne da ake saye da kuɗi. *Venial* daga kalmar gafara ta fito, ƙaramin laifi da ake yafewa, kuma a koyarwar cocin Katolika ita ce ake kiran ƙaramin zunubi da ita. Wanda ya rubuta *venial judge* yana nufin alƙali mai cin hanci ya sassauta zargin ne ba tare da ya sani ba.

*Deprecate* da *depreciate*: ta biyu tana ɗauke da saiwar *price* da *precious*, faɗuwar daraja ke nan, ta naira ko ta mota ko ta injin da akanta ke rage wa ƙima duk shekara. Ta farko saiwarta roƙo ce, danginta *pray*, kuma ta koma nufin nuna rashin amincewa da abu. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun ba ta wata ma'ana ta musamman: abin da aka ce *deprecated* yana aiki har yanzu, amma an shawarci a daina amfani da shi domin za a cire shi nan gaba.

*Veracious* tana tare da *verify*, mai gaskiya. *Voracious* tana tare da *carnivore* da *devour*, mai haɗama, ko ta abinci ko ta karatu. *Mendacity* ƙarya, *mendicity* bara, kuma ta biyun ce 'yar'uwar *mendicant*, mabaraci. *Interment* da aka fara da ita tana ɗauke da *terr*, ƙasa, kamar a *territory*, sa mutum cikin ƙasa ke nan.

Uku ne suka fi wahalar da ɗaliban kimiyya. *Turbid* danginta *disturb* da *turbulent*, ruwan da aka dama ya gurɓace, kamar na rafi bayan ruwan sama. Masu aikin ruwan sha suna auna *turbidity*, wato yawan gurɓacewar ruwan. *Turgid* kumburi ne, ƙwayar halittar tsiro da ta sha ruwa ta yi tauri, sannan ana aron ta a siffanta rubutu mai kumbura da manyan kalmomi ba ma'ana. *Torpid* kasala ce da mutuwar jiki, irin ta dabbar da sanyi ya kama. Harafin tsakiya shi ne mabuɗi: b, g, p.

A likitanci kuma, *dysphagia* wahalar haɗiya ce, saiwarta ita ce ke cikin *oesophagus*, hanyar abinci. *Dysphasia* matsalar magana ce, irin wadda ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki. Mai shanyewar yana iya samun duka biyu, shi ya sa rubuta daidai a katinsa yake da muhimmanci. *Ileum* mai e ƙarshen ƙaramin hanji ne, wurin da zazzaɓin taifot yakan huda in ya yi tsanani. *Ilium* mai i ƙashin ƙugu ne. Furucinsu ɗaya ne sak.

Masu karatu da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi suna da sauƙi a wannan mataki, domin yawancin tagwayen nan suna can da irin wannan bambanci, kamar *vénal* da *véniel*, ko *prescrire* da *proscrire*.

Inda wannan dabara take gazawa shi ne idan kalmomin biyu uwa ɗaya ta haife su. *Discreet*, mai iya bakinsa da kiyaye sirri, da *discrete*, abu mai zaman kansa a rarrabe kamar a lissafi, asalinsu ɗaya ne, rubutu ne ya raba su daga baya. A nan sai dabarar ido: a *discrete* harafin t ya shiga tsakanin e biyu ya raba su, kuma rabuwa kalmar take nufi. Haka *complacent*, wanda ya saki jiki ya gamsu da kansa har ya daina lura da haɗari, da *complaisant*, mai saurin biye wa son wasu don ya faranta musu.

Mataki na huɗu: ƙeya

Idan saiwa ɗaya ce kuma goshi ɗaya, ɗafa-ƙeya ne ke faɗin wanda siffar ta hau kansa. A taƙaice, *al* tana nuna abin da ya shafi wani fanni, *ous* tana nuna mai ɗauke da hali, *ible* da *able* suna nuna abin da za a iya yi wa wani abu.

*Judicial* abin da ya shafi shari'a da kotu, *judicious* mai hangen nesa wajen yanke shawara. Kwamitin bincike na shari'a *judicial* ne, kashe kuɗi da tsari *judicious* ne. *Official* na hukuma, *officious* mai shisshigi da nuna iko a kan ƙananan abubuwa, kuma zagi ce, kada ka yabi ma'aikaci da ita. *Contemptible* wanda ya cancanci raini, *contemptuous* mai yin rainin. *Credible* wanda za a iya yarda da maganarsa, *credulous* mai yarda da duk abin da aka gaya masa, *creditable* aikin da ya cancanci yabo. Shaida a kotu *credible* ake so ya zama.

Sai 'yan uku daga saiwar murɗawa. *Tortuous* mai lanƙwashe-lanƙwashe, hanya ko bayani. *Torturous* mai azabtarwa. *Tortious* ta lauyoyi ce kaɗai, abin da ya shafi cutarwar da ake neman diyya a kanta.

Mataki na biyar: dubi abokan tafiyarta

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi amfani a ɗakin jarrabawa. Kowace kalma tana da ajinta, suna ko aikatau ko sifa, tana kuma da 'yan ƙananan kalmomin da take jawowa a bayanta. Ko ma'ana ta ɓace maka, ginin jimla zai nuna maka hanya.

*Militate* kusan kullum da *against* take tafiya, kuma tana nufin zama cikas ga abu. Saiwarta ta soja ce, kamar *military*. *Mitigate* kai tsaye take faɗa wa abin da take aiki a kansa, ba ta bukatar *against*, ma'anarta sassautawa: *mitigate the damage*. Roƙon sassauci da ake yi bayan kotu ta sami mutum da laifi *mitigation* ne. In ka ga gurbi sannan *against* ta biyo, *militate* ake nema.

*Apprise* sanarwa ce, kuma gininta *apprise somebody of something*. *Appraise* kimantawa ce, ta aikin ma'aikaci ko darajar fili, ba ta ɗaukar *of*. *Averse* tana siffanta mutum kuma *to* ke bin ta, wanda ba ya son abu. *Adverse* tana zuwa gaban suna ta siffanta yanayi ko sakamako maras kyau, kamar illar magani. *Allude* tana ɗaukar *to*, ambaton abu a fakaice. *Elude* ba ta ɗauka, kuɓucewa ce. *Elicit* aikatau ce, zaƙulo amsa ko bayani daga wani, *illicit* sifa ce. *Loath* sifa ce mai ɗaukar *to*, jan ƙafa wajen yin abu, *loathe* mai e aikatau ce, tsananin ƙi.

Wasu kuma abin da suke aiki a kansa ne ke raba su. Ana *flout* doka, umarnin kotu, ko ƙa'ida, wato take ta da gangan a fili. Ana *flaunt* dukiya, ado, ko muƙami, wato nuna shi don alfahari. Jaridu sukan rubuta *flaunt court order*, kuma kuskure ne komai yawan maimaita shi. *Exacerbate* tana aiki a kan matsala, ciwo ko rikici, ta ƙara masa tsanani. *Exasperate* tana aiki a kan mutum, ta ƙure haƙurinsa. *Perpetrate* aikata laifi ne, *perpetuate* dawwamar da abu. *Defuse* cire wa bam kunama ne, don haka ita ake sawa ga kwantar da tarzoma, *diffuse* bazuwa ce kamar ta hayaƙi ko haske. *Censor* tace fim ko rubutu ne, aikin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano take yi. *Censure* tsawatarwa ce a hukumance, irin wadda majalisa ke yi wa jami'i. Ana *censor* abu, ana *censure* mutum. *Censer* kuwa kaskon turaren wuta ne da ake lilo da shi a wasu coci-coci.

Mataki na shida: ƙamus da kati

Yi amfani da ƙamus na Turanci zalla wanda aka yi wa masu koyo, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge. Dukkansu suna intanet, da maɓallin da za ka latsa ka ji furuci. Ƙamus mai fassara zuwa Hausa yana da amfaninsa, amma irin waɗannan kalmomi sau da yawa ba sa ciki, ko kuma ya ba kalmomi biyu fassara ɗaya, ya ce *exacerbate* da *exasperate* duk tsanantawa ne. Manhajar fassara ta waya ma haka take yi idan ka ba ta kalma tsirara ba jimla.

Yanka takarda mai kauri gida-gida kamar girman katin shaida. Kati ɗaya, kalma ɗaya. A gaba ka rubuta jimlar misali daga ƙamus, ka bar gurbin kalmar a buɗe. A baya ka rubuta abu huɗu: kalmar da alamar nauyinta, ajinta da ƙaramar kalmar da ke bin ta, ma'anarta da Hausa cikin kalmomin da ba su wuce biyar ba, sai sananniyar 'yar'uwarta. In ma'anar Hausar da ka rubuta za ta iya hawa kan ɗaya kalmar ma, ba ta yi ba, sake ta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haddace tagwayen a zama ɗaya, a jere. Abin da ke faruwa shi ne ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa akwai kalmomi biyu da ma'anoni biyu, ta manta wace ce ta wace. Fara da wadda ka fi cin karo da ita, ka yi kwana biyu ko uku kana sa ta a jimlolinka, sannan ka shigo da ta biyun. Tagwaye biyar a mako sun isa. Duba kowane kati washegari, sai bayan kwana 3, sai bayan 7, sai bayan 21. Wanda ka faɗi a kansa ya koma farkon layi. A riƙa gauraya katunan kafin kowane zama, don kada jerin ya zama shi ne kake tunawa. Kuma a furta da ƙarfi, a bambanta p da f, v da b, ko da za a wuce gona da iri a farko, domin abin da baki ya haɗe hannu ma yakan haɗe shi a rubutu.

A ɗakin jarrabawa da kan teburin rubutu

Masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB sun san tagwayen nan, kuma sukan ajiye ɗaya kusa da ɗaya a cikin zaɓi. Rufe zaɓin da hannunka tukuna. Karanta jimlar, ka cike gurbin da Hausa a zuciyarka. Tantance ko suna ake nema ko aikatau ko sifa. Dubi kalmar da ta biyo bayan gurbin, ko *to* ce, ko *of*, ko *against*. Dubi abin da aikin ya faɗa wa, mutum ne ko matsala, doka ce ko dukiya. Sai ka buɗe zaɓin. Yawanci biyu sun riga sun faɗi, sauran biyun kuma goshi ko saiwa za su raba su.

Ga mai rubuta wasiƙar ofis, rahoto ko labarin jarida, gwajin musanya ya fi sauri. Cire babbar kalmar, ka sa ƙaramar da ka tabbatar da ita: *ban* a gurbin *proscribe*, *reduce* a gurbin *mitigate*, *inform* a gurbin *apprise*, *disobey* a gurbin *flout*, *burial* a gurbin *interment*. In jimlar ta tsaya da ma'anar da kake nufi, babbar kalmar daidai ce, kana iya mayar da ita ko ka bar ƙaramar a wurin, ba abin da ya ragu. In jimlar ta karkace, tagwaniyar ka ɗauko. Ka kuma ajiye jerin tagwayen da suka taɓa kama ka a shafi ɗaya. Kafin ka aika kowace takarda, latsa Ctrl da F a kwamfuta, ka nemo su ɗaya bayan ɗaya, ka karanta jimlar da kowace ta fito a ciki da ƙarfi.